Wa Ya Kashe Wutar Tumbi?

Ranar Talata da hantsi, tukunyar wake da shinkafa tana tsakiyar tafasa, wutar ta yi fat-fat sau biyu ta ɗauke. Kausara ta murɗa makunnin, ta ƙyasta ashana, ta sake ƙyasta wata. Murhu shida ne jere a rumfar girkin matan zangon Salaga, babu ko ɗaya da ya amsa.

"Shi ke nan, an gama da mu," in ji Magajiya Bashiratu, shugabar matan rumfar, tana riƙe da ludayi a sama. "Na faɗa muku wutar nan kwana huɗu tana ja da baya. Hannu aka sa mata."

Shekara guda ke nan rumfar tana girki da gas ɗin Tumbi. Tumbi tanki ne na siminti, a binne cikin wani ɗan ɗaki bayan banɗakin kasuwa. Bututu yana kai masa dagwalon bayan gida. Duk mako biyu kuma Fadlullah, ma'aikacin da ke kula da shi, yakan zo daga Yendi ya ƙara masa wata gansakuka mai laushi da ake reno a kududdufin siminti, cikin ruwan zartsin wata rijiya da ko akuya ba ta sha. Sai ya wanke gansakukar sau uku da ruwan daɗi kafin ya zuba, domin Tumbi ba ya shiri da gishiri. Tumbi ya narkar da su, ya turo gas, mata su yi girki ba hayaƙi.

Ga sauran matan, sauƙi ne kawai. Ga Kausara kuwa, numfashin 'yarta ne. Ɗakinsu yana jingine da rumfar, taga ɗaya gare shi, kuma rumfar take kallo. Kafin Tumbi, sau uku aka kwantar da Rukaya a asibiti tun ba ta iya zama ba, ƙirjinta yana kuka kamar usur. Nas ta ce hayaƙin itace ne. Tun da gas ya zo ba su koma ba.

Matan suka ɗunguma bayan kasuwa. Kwaɗon ɗakin Tumbi yana nan a kulle, ba a taɓa shi da ƙarfe ba. Amma kududdufin ya koma rabi.

"An sace mana ruwa!"

"Wa zai saci ruwan zartsi, Faridatu? Ya kai wa uwarsa?"

"Sayibu mai gawayi ne, wallahi!"

"A'a, shanun falken nan Mahama ne, jiya na gan su a nan!"

"Ku tsaya!" Kausara ta daka tsawa har muryarta ta dushe. "Don girman Allah ku daina tattaka mini ƙasa! Ku koma bayan wayar shinge!"

Suka koma, suna gunaguni. Kowa a zangon ya san 'yar wa ce. Marigayi Sidiku shi ne mai bin sawun shanun sata a kasuwar Bawku, kuma cikin 'ya'yansa tara ita kaɗai ce ta yarda ta riƙa binsa cikin rana tana kallon ƙasa. Ta dubi gefen da suka tsaya. Sawun mata goma sha huɗu, da na wani mai sayar da rake da ya biyo su bai ma san abin da ake yi ba. Ta dafe kai.

*

Fadlullah ya iso da azahar a kan babur, ƙura har gira. Ya buɗe bakin tankin, ya leƙa, ya shinshina, ya yi tsaki.

"Ƙananan halittun da ke cin dagwalon sun daina aiki," ya ce. "Ko dai sun mutu, ko sun suma."

"Wanne daga ciki?" in ji Kausara.

"Sai na san abin da aka zuba. Idan maganin ƙwari ne ko baƙin mai, sai an kwashe tankin kaf an wanke. Wata uku. Idan wani abu ne mai sauƙi, mako biyu."

"To, gwada mana."

Ya sosa ƙeya. "Na'urar gwajin tana Tamale wurin gyara."

"Tun yaushe?"

"Tun azumi."

Kausara ta dube shi har sai da ya kawar da kai. Magajiya Bashiratu ta ce ita ba za ta zaunar da mata wata uku suna jiran tanki ba. Ranar Alhamis bayan la'asar za a zauna da Sarkin Zango. In ba a san abin da aka zuba ba zuwa lokacin, a rufe Tumbi, a mayar da rumfar ta itace yadda take a da.

"Magajiya, Rukaya fa?"

"'Yata, ni ma ina da jikoki, kuma ba iska suke ci ba. Ke ce mai makulli, ke ce mai ido. Nemo mana shi."

Kafin la'asar an jera duwatsun murhu. Hayaƙi ya miƙe, ya nemi tagar Kausara kamar ya san hanya.

Ta shiga gida ta toshe tagar da jiƙaƙƙen zani. Surukarta, Mma Safiatu, tana zaune a tsakar gida da Rukaya a cinya, tana fifita ɗan kurfotinta na gawayi. Mako uku ke nan da ta zo daga Yendi domin yayen jikarta. 'Yar gidan malamai ce, ta yi karatu tun tana budurwa, kuma tun zuwanta ba ta taɓa sa abincin rumfar a baki ba. Nata take dafawa.

"An ce wutarku ta mutu," ta ce.

"Ta mutu, Mma."

"Allah Ya sa hakan ne mafi alheri."

Kausara ba ta da lokacin jan magana. Ta ce amin, ta fita.

*

Laraba da safe, bayan ta sauke koko, ta fara da Sayibu. Ta same shi a gaban buhunan gawayinsa, mata uku sun tsaya suna zaginsa suna kuma sayen gawayin.

"Kausara, har da kai?" ya ce, da irin Hausarsa ta zango wadda ba ruwanta da mace ko namiji. "Zo ka duba. Duba aljihu, duba buhu."

"An ce ka yi murna."

"Na yi! Ƙarya zan yi? Shekara guda ina zaune ina kora ƙuda. Jiya na sayar buhu biyar. Murna laifi ne a Gana?"

"Yaushe rabonka da bayan kasuwa?"

"Ni? Wancan wari? Ko jana'iza aka bi ta can, sai dai in zagaya in tare su a maƙabarta."

"Ɗaga ƙafarka."

Ya ɗaga. Takalmin taya ne, faɗinsa kamar faifai, da tsaga a dunduniya. Irin wannan sawu ko makaho ya taka zai gane shi, kuma ba ta gan shi ko'ina kusa da kududdufin ba.

"Sauke. Kuma ka rage dariyar nan, za ta ja maka duka."

Mahama yana ƙarƙashin ɗorawa da shanunsa talatin. Daga Bawku ya taso da su, ya biyo ta Yendi, yana hutar da su kafin ya gangara kudu. Ya san mahaifinta, don haka ya miƙe ya gaishe ta da kyau kafin ya fara rantsuwa.

"'Yar Sidiku, saniya yana son gishiri, ban musa ba. Sun je sun lashi waya. Amma in sun sha, Allah Ya sa kada in sayar ko ɗaya."

"Yaushe ka sauka?"

"Lahadi."

Ta koma ta duba. Gaskiyarsa. Kofatan sun zo har bakin waya, sun yi cirko-cirko, sun juya. Sai ta tsallaka ciki, ta tsuguna a bakin kududdufin, ta ga abin da ihun jiya ya hana ta gani. A jikin simintin akwai fararen zobba na busasshen gishiri, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, inda ruwa ya tsaya ya kwana kafin a sake rage shi. Ta ƙirga da yatsa. Goma. Tazararsu ɗaya, kamar an auna da magwaji.

Saniya ba ta shan ruwa da awo. Kuma kwana goma ba Lahadi ba ce.

Ta zagaya ta gefen da matan ba su taka ba. Nan ƙasa take da danshi, gishiri ya yi mata ɓawo, ta riƙe sawu kamar an buga hatimi. Ɗigon ruwa ya bushe fari fat, ya ja layi daga kududdufin zuwa ƙofar Tumbi. Ruwan ba a sace shi ba. Ɗaukarsa aka yi taku ashirin kacal, aka juye wa Tumbi a baki.

A gefen layin, sawun silifas ne ƙarami, irin shuɗin nan da rabin Salaga ke sawa. Bai gaya mata komai ba. Ta ƙirga zuwa da dawowa na rana ta ƙarshe: bakwai. Ta bi shi a hankali har bakin ƙofa, tana tafiya a duƙe yadda mahaifinta yake yi, ta buɗe kwaɗon ta duba ciki.

A nan ta tsaya.

Duk zuwa, mai sawun yakan haɗa ƙafafunsa biyu a bakin ƙofa, ya tsaya har dunduniya ta nutse. Sa'an nan ya shiga da ƙafar hagu. In zai fito, dama ce gaba. Sau bakwai, da bokiti a ka, bai kuskure ko sau ɗaya ba.

Ta duba nata sawun na jiya, da na Fadlullah. Yadda ƙafa ta zo haka suka jefa ta. A wurinsu ɗakin inji ne. Wannan kuwa, a wurinsa bayi ne, kuma ko da kaya a kansa ba zai shiga bayi ba addu'a ba.

Kausara ta zauna a kan bulo. Ta tuna ƙusar da take rataye makulli a bayan ƙofar ɗakinta. Ta ƙirga kwana goma baya, lissafin ya faɗa kan ranar yayen Rukaya. Ta daɗe a zaune, hannu a haɓa.

"Kai, jama'a," ta ce a fili, ita kaɗai. "Kai, jama'a."

*

Alhamis da sassafe ƙirjin Rukaya ya fara usur. Kausara ta goya ta da gudu zuwa asibiti, aka sa mata abin shaƙa a hanci, yarinyar tana fizge-fizge tana kiran Mma. Nas ɗin ta tambaya ko an koma itace ne. Kausara ta ce e. Nas ta sunkuya ta shiga rubutu.

A hanyar dawowa ta yi ta juya maganar. Ba a nuna uwar miji da yatsa a gaban mutane. Amma in ta yi shiru, za a rufe Tumbi, Sayibu kuma zai kwana da sunan mai zuba guba. Ta aika wa Sarkin Zango roƙo cewa a yi zaman a bakin ɗakin Tumbi. Ta share ƙofar, ta yayyafa ruwa.

Bayan la'asar aka taru. Sarki a kan kujerar roba, Magajiya da matanta, Fadlullah, Sayibu da Mahama a gaba kamar masu jiran hukunci. Mma Safiatu tana gefe da carbi, ta karɓi goyon Rukaya.

"Ranka ya daɗe, abu ɗaya nake roƙo," in ji Kausara. "Duk wanda aka ambata, da duk wanda hannunsa zai iya kai wa ga makulli, ya shiga ya leƙa bakin tankin ya fito. Har da ni, har da mutanen gidanmu."

"Shi ke nan binciken?" in ji Magajiya. "Leƙe?"

"Shi ke nan."

Kausara ta fara. Sayibu ya toshe hanci da hula, ya faɗa ciki da tsalle, ya fito yana kakari, aka yi dariya. Mahama ya shiga da sandarsa kamar mai duba turke. Fadlullah ya shiga yana duba waya. Magajiya ta shiga tana mita, ta fito tana mita.

Saura mutum ɗaya. Kausara ta sunkuyar da kai.

"Mma, a yi haƙuri. Kawo yarinyar."

Mma Safiatu ta kwance goyon, ta miƙa. Ta taka har bakin ƙofa. Ta haɗa ƙafafunta biyu. Leɓɓanta suka motsa. Ta ɗaga ƙafar hagu ta shiga. Da ta juyo, dama ce ta fara fitowa.

Ba wanda ya lura sai Kausara. Ta juya ga Sarki, ba ta kalli kowa ba.

"Ranka ya daɗe, ba guba ba ce. Ruwan kududdufin nan ne aka zuba wa Tumbi, bokiti bakwai kullum, kwana goma, da tsakar rana lokacin da muke kasuwa. Ba Sayibu ba ne, ba shanun Mahama ba ne. Wanda ya yi, ba da mugunta ya yi ba. Ina roƙon a bar sunan."

"A bar me?" in ji Magajiya. "Wallahi ba za a bari ba!"

"Ba sai an roƙa mini ba," in ji Mma Safiatu, muryarta ko rawa ba ta yi. "Ni ce. Kuma da wutar ba ta mutu ba, da na cika kwana arba'in."

Sayibu ne ya fara samun baki. "Allahu akbar! A rubuta! A kira mata ukun nan su zo su ji!"

"Hajiya," in ji Sarki a hankali, "me ya kai ki?"

"Tsarki, ranka ya daɗe. Tun da na zo nake kallo. Najasar kasuwa guda ana tara ta a rami, a ja ta da bututu, a dafa wa Musulmi abinci. Manya su suka sani. Amma ranar da aka cire jikata daga nono, na ga an ɗibo kokon rumfar nan an ba ta. Cikin da bai san komai ba sai nono! Na ce tunda ba za a daina ba, bari in wanke tushen."

"Da ruwan gishiri?" Fadlullah ya kama kai da hannu biyu. "Hajiya, ni sau uku nake wanke gansakukar nan don kada gishiri ya shiga. Sau uku! Ke kin ɗura masa bokiti saba'in!"

"Yaro, kada ka koya mini ruwa. Ruwan da gishirin ƙasarsa ya canza, da wanda gansakukarsa ta canza, duk masu tsarkakewa ne. Na karanta wannan tun ba a haifi ubanka ba."

"Ban ce ba ya tsarkakewa ba! Ya tsarkake halittun cikin tankin har sun suma!"

Wasu suka fashe da dariya. Kausara ba ta yi ba. Ta juya ta fuskanci surukarta.

"Mma," ta ce, "yau da safe da na fita da ita, na ce miki awo za mu je. Ba awo ba ne."

Ta juyo da Rukaya, ta matso da ita dab da kunnen tsohuwar. Kowa na kusa ya ji shi, siririn usur ɗin nan yana shiga yana fita.

Carbin ya tsaya a hannun Mma Safiatu.

"Sanyi ne," ta ce, amma a hankali.

"Hayaƙi ne, Mma. Kwana biyu kacal. Kina Yendi lokacin da muka kwana asibiti sau uku, ban so in tayar miki da hankali ba, ban faɗa miki ba. Wannan laifina ne. Amma da kin tambaye ni! Ɗaki ɗaya muke kwana! Ki ɗauki makulli, ki yi ɗauka saba'in cikin rana da ciwon gwiwa, amma ki ce 'Kausara, zo' ya gagara?"

"Da na tambaya cewa za ki yi likita ya ce."

"E, haka zan ce! Kuma kabewar nan da ta fito a bayan bayin gidanku bara, wa ya dafa mana ita da Sallah?"

"Wannan daban. Ƙasa ta juya ta, ta zama wani abu."

"To shi wannan fa? Iska ce ke fitowa, Mma, wuta kuma ta cinye ta."

Mma Safiatu ta dubi yarinyar. Ta sa tafin hannu a ƙirjin Rukaya ta bar shi a nan.

Sarki ya yi gyaran murya. "Malam Fadlullah, gishiri yana da magani?"

"Yana da shi, ranka ya daɗe. A rage ruwan ciki, a ƙara na daɗi. Sai ɗanyen kashin shanu, mai yawa, shi zai tayar da su. Mako biyu."

"Kashi kam akwai," in ji Mahama. "Kyauta. Ku zo da kwano kafin in tashi."

"Na shanu?" Mma Safiatu ta ɗago kai. "Na dabbar da ake ci ba najasa ba ne. Wannan mai tsarki ne." Ta gyara mayafinta. "Ni zan ɗauko."

"Hajiya, gwiwarki," in ji Sarki.

"Gwiwar da ta ɗauki saba'in za ta ɗauki wannan."

Magajiya Bashiratu ta yi ta huci, amma ta yarda a kwashe duwatsun murhu a kai su can ƙarƙashin mangwaro, nesa da tagar, har mako biyun su cika. Sayibu ya nemi a ba shi haƙuri a bainar jama'a. Aka ba shi. Ya ce bai ji ba, a sake.

*

Kwana uku Mma Safiatu tana jigila tsakanin ɗorawar Mahama da ɗakin Tumbi, da kwano a ka, ba ta yarda kowa ya karɓe ta ba. Kausara tana ganin sawun kowace safiya. Ƙafa biyu a haɗe, hagu a shiga, dama a fita. Makullin dai ta cire shi daga ƙusa, ta ɗaure a bakin zaninta.

Rana ta goma sha shida, Kausara ta ƙyasta ashana, wuta shuɗiya ta zagaye murhun da ɗan ƙara. Faridatu ta rangaɗa guɗa. Kausara ta je ta yaye jiƙaƙƙen zanin daga taga.

Da rana ta zubo wake da shinkafa ta kai ɗaki. Rukaya tana barci a kan tabarma, baki a buɗe, ƙirjinta yana hawa yana sauka ba ƙara. Mma Safiatu tana zaune kusa da ita. Kurfotin yana can a kife a lungu.

Ta daɗe tana kallon kwanon. Ta yi bisimilla, ta ɗibi loma ɗaya, ta tauna a hankali kamar mai neman tsakuwa. Ta haɗiye.

"Gishiri bai ji ba," ta ce.

Kausara ta rufe ido, ta ja numfashi mai tsawo. Sa'an nan ta miƙa hannu saman kantar ɗakin, ta ɗauko gwangwanin gishirin, ta ajiye a gabanta.